Dokin da bai iya tafiya ba

Duk shekara, in an sauko daga idi a Damagaram ko Maraɗi ko Tibiri, ihun jama'a yakan tafi ga mahayin da ya saki doki a guje, ya zo gaban sarki ya fizgi linzami har dabbar ta zame bisa ƙafafun baya. Shi ake ɗauka hoto, shi maroƙa ke bi. Faransawa sun laƙaba wa irin wannan jahi suna fantaziya, suka cika katunan hoto da shi, har ƴan ƙasa suka soma yarda cewa hawan doki ke nan gaba ɗayansa. Ƙungiyoyin al'adu ma, waɗanda ya kamata su fi kowa sani, in sun shirya biki sukuwa da rawar doki suke ba kyauta. Da wuya a ji an ware ko jika guda domin dokin da ya iya tafiya.

Alhali a wannan taron dai, dokin da ya fi kowane horo shi ne wanda ba a tafa wa: na sarki. Ga tambura, ga kakaki da algaita a bakin kunnensa, ga ƴan bindiga suna ta da hayaƙi, ga laima tana juyawa bisa kansa, amma yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya cikin taƙama har ƙofar fada. Kowane dukushi da gudu aka haife shi. Wannan natsuwa kuwa aikin watanni ce, wani lokaci shekaru, a hannun shamaki da ƴan barga.

Mutanen da sun san haka domin bukata ta koya musu. Tsakanin Damagaram da Kano akwai wajen kilomita 240. Manzon da aka aika a zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ba da sukuwa yake cin wannan hanya ba, don doki ba ya riƙe cikakken gudu fiye da kilomita biyu ko uku. Tafiya ce ta wajen kilomita 6 a awa, da ɗan sassaka nan da can, take kai mutum zango da dokinsa lafiya.

Yau mota da babur sun karɓe hanya, doki ya koma kayan ado. Yakan yi watanni a turke yana cin dawa da harawa ba aikin fari ba na baƙi, sai ranar salla ko hawan angwanci a ɗaura masa sirdi, a miƙa shi ga saurayin da hannunsa ya saba da murɗa kabu-kabu. Saurayin ya soka ƙaimi, ya kuma ja linzami a lokaci guda: ƙafa na cewa tafi, hannu na cewa tsaya. Linzamin gargajiya kuma, mai zoben da ke zagaye haɓa, ba abin wasa ba ne, an ƙera shi ne don hannun da ya iya taɓawa kaɗan ya saki. Sai doki ya riƙa dabur-dabur a wuri ɗaya yana kaɗa kai, kumfar bakinsa ta yi ja, ƴan kallo na cewa rawa yake. Irin wannan doki ne ke kutsawa cikin yara a gefen hanya, a wayi gari ana cewa tsautsayi.

Horon kansa ba asiri ba ne. Doki yana koyo ne daga sassauci: da zarar ya rage sauri a sakar masa linzami nan take, don ya gane abin da ake so. In ya soma gaggawa, maimakon a yi ta ja da ƙarfi, sai a juya shi ya yi da'ira har ya lafa, sannan a miƙe hanya. Ba a sukuwa in an fuskanci gida, ba a kuma zuba masa hatsi da isowa, in ba haka ba kullum hankalinsa na barga. Ana fita ƙilisa kowace safiya, dukushi a gefen tsohon doki mai sanyin hali, a bi da shi ta kasuwa da wurin makaɗa tun kafin ranar taro. In babu aiki a rage dawa. Abin da ke da tsada a nan haƙuri ne, shi ya sa masu dawaki da yawa suka gwammace su sayi jalala mai ƙyalli.

Masu gardama za su ce doki mai sanyi da jaki duk ɗaya ne, jarumta kuma sai da zafi. Su dubi mahayan da suka gwanance da jahi: dokin da ke fita kamar kibiya ya tsaya daidai inda ake so, shi ne wanda ke komawa sahu a natse bayan minti ɗaya. Turawa ma, a babbar gasarsu ta horon doki, ninka makin tafiya suke yi sau biyu.

Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin rumfa da makaɗa tana iya auna mita 500 a tsakiyar taro, ta ce a ratsa su da tafiya, linzami a sake, ganguna na tashi, alƙalai kuma su duba bakin doki kafin su ba da kyauta. Malaman lakwal kuwa, da ke aika yara su rubuto tatsuniyoyi, suna iya aika su bargar fada da littafi, su tambayi tsofaffin ƴan barga yadda ake raba taƙama da sassaka, da watannin da dukushi ke yi a ragama kafin a sa masa ƙarfe a baki.