Mins Fai na Turawan Ingila da Kwanon Maƙwabci

Yanzu da Kirsimeti take ƙaratowa, maganar girki ta soma shiga tarurrukan mata, kuma a wasu ikkilisiyoyi an fara jin sunan wani abinci da 'ya'yanmu masu karatu ko aiki a Ingila suke ba da labarinsa, wato mins fai. Wasu mata suna so su koya. Wasu dattawa kuma sun ɗaure fuska, sun ce abin Turawa ne, har an ce akwai barasa a ciki. Ra'ayina shi ne a bar mai so ta gasa, amma ta gasa shi yadda za a iya zuba shi a kwano a aika wa maƙwabci ba tare da fargaba ba.

Da farko kada a ɗauka shi ne mit fai ɗin nan da ake sayarwa a tashoshin mota, mai nama da dankali. Mins fai ɗan ƙaramin gashi ne mai zaƙi, bai wuce tafin hannun yaro ba. Ana murza fulawa da bota a yi masa ɓawo, a cika cikinsa da haɗin zabibi, da tuffa, da ɓawon lemu, da sukari, da kitsen ƙodar sa, da kayan ƙamshi irin su kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, sa'an nan a rufe a gasa. Turawa sukan haɗa kayan cikin tun makonni kafin biki, su zuba a kwalba su rufe har ɗanɗanon ya kama juna. A nan ne barasar take shiga, domin yawancinsu suna zuba wata barasa mai ƙarfi da suke kira birandi, saboda ƙamshi da kuma don kada haɗin ya lalace.

Sunansa a Turance yana nufin niƙaƙƙen nama, amma wanda ake ci a Ingila yau babu nama a ciki. Dalilin wannan shi ne abincin ya daɗe yana sake kamanni. Wajen shekara ta 1390 masu dafa abincin Sarki Richard na Biyu suka rubuta littafin girki, kuma a cikinsa akwai irin wannan gashi da aka yi da naman alade haɗe da busassun 'ya'yan itace. A 1615 wani marubuci mai suna Gervase Markham ya koyar da yadda ake yin sa da cinyar rago, da kitse, da zabibi, da dabino, da ɓawon lemu. A 1861 Isabella Beeton ta fitar da littafinta na kula da gida, wanda ya shiga gidajen Ingila da yawa, ta kawo hanya biyu, ɗaya da naman sa, ɗaya babu nama. Sukari ya yi araha, bakin mutane ya karkata ga zaƙi, naman ya yi ta raguwa har ya ɓace, sai kitse kaɗai ya saura. Yanzu ma ana sayar da kitsen da aka yi da man tsirrai saboda waɗanda ba sa cin nama. A wasu yankunan Amurka kuwa har yau akwai gidajen da suke sa naman sa ko na barewa.

Saboda haka wanda zai ce mana akwai hanya ɗaya tak ta gargajiya, in an cire birandi an ɓata abin, sai mu tambaye shi gargajiyar wace shekara yake nufi. Matan Ingila sun cire alade, sun cire rago, sun cire sa, ba su canja sunan ba, kuma ba wanda ya kai su ƙara.

Dattawan da suke ƙyamar abin su ma suna da magabata, kuma magabatan nan ba mutanen banza ba ne. A ƙarni na 17 akwai wasu masu bi a Ingila da ake kira 'yan Furitan, mutane masu riƙon Littafi Mai Tsarki da gaske. Sun duba sun ga ba inda aka rubuta ranar haihuwar Ubangiji, ba inda aka umurci ikkilisiya ta kiyaye ta, kuma sun ga kwanaki goma sha biyu na bikin sun zama na maye da caca da almubazzaranci. Gaskiya suka faɗa, duk wanda ya taɓa zagaya gari a daren 25 ga Disamba ya san ba a rasa irin wannan ko a wurinmu. Inda suka yi kuskure shi ne maganin da suka ɗauka. A watan Yuni na 1647 Majalisar Dokokin Ingila ta soke bikin Kirsimeti da na Ista da na Fentikos. Aka umurci masu shaguna su buɗe a ranar. A Disamban wannan shekarar tarzoma ta tashi a birnin Kantabari, mutane suka far wa shagunan da suka buɗe. A yankin Boston na Amurka kuma, a 1659, aka sa tarar sule biyar ga duk wanda aka kama yana bikin, dokar ta zauna har 1681. A Sikotlan, inda ikkilisiyar Firesbiteriya take da ƙarfi, sai a 1958 Kirsimeti ta zama ranar hutu ta ƙasa.

Har yanzu za ka ji ana cewa wai Oliver Cromwell ya haramta cin mins fai kuma dokar tana nan. Wannan tatsuniya ce. Majalisa ce ta soke bikin, dokar ba ta ambaci sunan abincin ba, kuma ta faɗi a 1660 da Sarki Charles na Biyu ya hau gadon sarauta. Shekara shida bayan haka, ran Kirsimetin 1666, wani ma'aikacin gwamnati a Landan mai suna Samuel Pepys ya rubuta cikin littafin ajiyar labarinsa cewa matarsa ta kai ƙarfe huɗu na asuba tana lura da 'yan aikinta suna gasa mins fai. Shekaru goma sha uku na hani ba su sa matan Landan sun manta yadda ake murza fulawa ba. Dattawa, in majalisar ƙasa guda da sojojinta ta kasa raba mutane da girkin bikinsu, kwamitin ikkilisiya ba zai iya ba, kuma ƙoƙarin yin haka ba abin da zai haifar sai gunaguni da ɓoye-ɓoye.

Manzo Bulus ya riga ya yi maganar irin wannan gardama. Cikin Romawa sura 14 ya hana mai ci ya rena wanda ba ya ci, ya hana wanda ba ya ci ya hukunta mai ci, ya kuma faɗi haka game da masu girmama wata rana da waɗanda suke ɗaukan dukan ranaku daidai. Cikin Kolosiyawa 2:16 ya sake jan kunne kan hukunta juna saboda ci da sha da ranakun idi. Waɗanda suke so su gasa sukan tsaya a nan da murna. To su ƙara karantawa gaba. Cikin wannan Romawa 14 ɗin, da kuma 1 Korantiyawa sura 8, Manzon ya nuna cewa shi a shirye yake ya bar nama ɗungum in cinsa zai sa ɗan'uwa ya yi tuntuɓe. Da yawa cikin ikkilisiyoyinmu suna koyar da ƙin barasa, kuma a cikinmu akwai waɗanda Ubangiji ya fisshe su daga shan burukutu da hawaye. Masu cewa zafin wuta yana kore barasar gaba ɗaya ba su faɗi daidai ba, gashin minti ashirin yana rage ta ne kawai. Ko da ma ta kore, ƙamshin yana nan, kuma ga wanda yake fama ƙamshin ya isa.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne maƙwabta. Mu tsiraru ne a garuruwa da unguwannin da muke zaune. Ran Kirsimeti yaranmu sukan fita da kwanukan shinkafa da miya da cincin zuwa gidajen maƙwabtanmu Musulmi, kamar yadda su ma yaransu sukan kawo mana nama da tuwo da Sallah. Wannan al'ada ta tsira daga rikice-rikice da yawa, kuma abin da ya riƙe ta amana ce. Maƙwabciya tana karɓar kwanon ta ba 'ya'yanta ba tare da tambaya ba, domin ta san uwar gidan nan ba za ta sa mata abin da addininta ya hana ba. Shi ya sa iyayenmu mata da yawa suke sayen naman biki wurin mahauci a kasuwa, ko a kira maƙwabci ya yanka akuyar. Mins fai irin na littattafan Turawa yana da tarko biyu a nan. Na ɗaya birandi. Na biyu kuma, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, wasu hanyoyin suna sa man alade cikin ɓawon don ya yi garas-garas. Rana ɗaya aka gane an aika da irin wannan, ko da cikin rashin sani ne, za a daina karɓar kwanon gidan, kuma maganar ba za ta tsaya kan gidan kaɗai ba, za a ce haka Kiristoci suke.

Wani zai ce to sai a yi iri biyu, na gida da na aikawa. Ban yarda ba. A gidan da yara suke kai da kawowa ran biki, faranti biyu masu kama ɗaya ba za su kwana ba tare da sun gauraya ba. Cikin Nehemiya sura 8, da aka ce wa jama'a su je su ci mai maiƙo su sha mai zaƙi, a cikin umurni guda aka ce su aika wa waɗanda ba su da abin da aka shirya. Aikawar tana cikin bikin tun daga tukunya.

Ga mai son gwadawa, abin ba shi da wuya. Ki sami zabibi da dabino ki yayyanka, ki kankare tuffa biyu, ki goga ɓawon lemu da na lemun tsami, ki matse ruwansu a ciki a madadin birandi. Ki sa sukari, da kirfa, da ɗan kanumfari kaɗan domin yana da ƙarfi, da gyaɗar ƙamshi. Kitsen kuma ki ce wa mahauci na jikin ƙoda kike so, mai tauri fari, ki cire yanarsa ki daddatsa shi ƙanana. In bai samu ba bota ta isa. Ki ɗora haɗin a wuta marar ƙarfi har kitsen ya narke ya lulluɓe kome, ki sauke ya huce. Ɓawon kuwa, awon bota rabin awon fulawa ne, da ɗan gishiri da ruwan sanyi kaɗan, kada ki cuɗa shi da yawa ya yi tauri kamar na burodi. A tanderu mai awo digiri 200 ne, kamar minti ashirin. Wadda ba ta da tanderu ta yi yadda ake gasa kek, da yashi a gindin tukunya da garwashi a kan murfi.

Abu ɗaya ne ba za ki kwaikwaya ba, wato ajiyar makonni. Baturiya tana da birandi da sanyin ƙanƙara suna tsare mata kwalbarta. Namu hunturun ba ya kai haka da rana, wutar lantarki kuma ba a dogara da ita, saboda haka ki haɗa kwana biyu ko uku kafin biki, ki gasa ran jajibere. Zabibi da tuffa suna da tsada, kada a ci bashi a kansu, dabino ya fi araha kuma Markham ma ya sa shi tun 1615. In yarinya za ta kai kwanon, ki gaya mata ta faɗa wa maƙwabciya abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, da sunan mahaucin da aka sayi kitsen a wurinsa.