SHARHI: Wayar wasa ce ke riƙe da kuɗin shinkafa: Yadda damfarar wasannin intanet ke barazana ga yankin noman rani na Kano

A ranar 26 ga Satumba, 2024, aka fara cinikin kuɗin kirifto na HMSTR a manyan kasuwannin intanet, bayan watanni shida da jama'a suka shafe suna dangwalar fuskar waya a wasan Hamster Kombat na manhajar Telegram. Masu wasan sun ce mutum miliyan 300 ne suka shiga, miliyan 131 daga ciki suka cancanci rabo. A arewacin Najeriya, inda matasa ke kiran harkar "mainin", da yawa sun tarar ladan wahalarsu bai wuce ƴan daloli ba. Aka yi ta raha a Facebook na kwanaki, aka wuce wurin.

Abin da ba a tsaya an tattauna ba shi ne ɗabi'ar da wasan ya bar wa matasa: latsa duk adireshin da aka turo, sauke duk manhajar da aka yaba, da miƙa bayanan sirri ga duk shafin da ya yi alƙawarin kyauta. A yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam da maƙwabciyarsu Dawakin Kudu, wannan ɗabi'a tana da tsada, domin wayar da ake wasan da ita, ita ce lalitar gida.

Yadda waya ta zama rumbu

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke shayar da aikin noman rani na Kogin Kano da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan kimanin hekta 22,000. Daga nan shinkafar Kura ke fitowa, da tumaturin da ake lodi a Kwanar Gafan, da alkama da albasa. Kuɗin wannan noma ba kullum yake shigowa ba. Yana zuwa ne a dunƙule lokacin girbi, kuma da shi za a biya bashin taki, a sayi irin baɗi, a ciyar da iyali.

Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon 2023 ya tilasta wa manoma da dillalai karɓar ciniki ta taransifa. Asusun OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga ƙauyuka, masu POS suka yawaita a bakin kasuwanni. A gidaje da dama, dattijon da ya yi noman ba shi ke sarrafa asusun ba. Ɗansa ko ƙanensa da ya yi boko shi ke riƙe da wayar da lambar sirrin. Da dare kuma, a wannan wayar ce matashin ke buga Free Fire ko PUBG ko eFootball, ko ya leƙa zaurukan Telegram neman sabon mainin. Kuskure ɗaya a wajen wasa yana iya cinye amfanin gonar shekara.

Tarko huɗu da aka fi ɗanawa

Na farko shi ne manhajar bogi. A watan Yulin 2024, kamfanin tsaron intanet na ESET ya bankaɗo wani zauren Telegram da ke raba manhajar Android da sunan Hamster Kombat, alhali wasan na gaskiya a cikin Telegram kawai ake buga shi. Abin da ke cikin manhajar shi ne Ratel, wata muguwar manhajar leƙen asiri da ke neman izinin karanta sanarwar waya da sarrafa saƙonnin tes. Da zarar an ba ta, sai ta riƙa aika saƙo da sunan mai wayar, tana kuma ɓoye masa sanarwar manhajoji fiye da 200 don kada ya farga. An ƙera ta ne da wani bankin Rasha a rai, amma dabarar tana aiki a duk ƙasar da banki ke turo lambar tabbatarwa ta OTP ta saƙon tes, kuma Najeriya na cikinsu. Binciken ya kuma gano manhajojin kwamfuta da ake tallatawa a matsayin masu dangwala wa mutum wasan, waɗanda ke ɗauke da Lumma Stealer mai satar kalmomin sirri da lalitar kirifto.

Na biyu shi ne shafin kyauta. Ana yi wa ɗan wasa tayin lu'ulu'un Free Fire ko kuɗin cikin PUBG a banza, da sharaɗin ya shiga da asusunsa na Facebook ko Google. Shafin kwaikwayo ne, kuma abin da ya rubuta yana tafiya kai tsaye hannun ɗan damfara. Wanda ya mallaki adireshin Gmail ɗin mutum yana iya sauya kalmomin sirrin sauran asusun da ke rataye da shi, sannan ya bi ƴan'uwa da abokai yana roƙon rance da sunansa.

Na uku ya shafi caca. Wasan Aviator, wanda ƙaramin jirgi ke tashi kuɗi na ninkuwa har ya ɓace, ya haifar da kasuwar masu sayar da manhajar "hasashe" da ke iƙirarin sanin lokacin da jirgin zai tafi. Babu manhajar waje da ke da wannan sani. Mai saye ya yi asarar kuɗin sayen, ya yi ta cacar, wani lokacin kuma ya buɗe wa ɓarawo ƙofar wayarsa.

Na huɗu shi ne dalar damfara da aka yi wa rigar wasa. Dandalin 86FB, wanda ya yi wa ƴan Najeriya alƙawarin riba kullum daga hasashen wasannin ƙwallon ƙafa, ya rufe da kuɗin jama'a a 2022. CBEX, da ya fake da cinikin kirifto, ya bi sahu a watan Afrilun 2025. Tsarinsu ɗaya ne: a biya na farko da kuɗin na baya, a ba da lada ga wanda ya kawo wani. A ƙauyen da kowa ya san kowa, wanda ya kawo tallan yawanci ɗan'uwa ne, shi ya sa idan abin ya rushe, zumunci ma yakan tafi tare da kuɗin.

Hukuma na kulle shago, ɓarna na cikin aljihu

A watan Oktoban 2024, Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo kusan 30 a birnin. A ranar 22 ga Nuwamba na shekarar, Kotun Ƙoli ta soke Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne su tsara harkar. Hukuncin ya ƙarfafa hannun Kano a kan shaguna, sai dai kwaɗo ba ya kulle manhaja. Matashin da aka rufe wa shago yana iya komawa waya, inda tarkon ya fi yawa kuma babu idon kowa.

A matakin tarayya, dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, da Dokar Kare Bayanai ta 2023, da Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 wadda ta tanadi tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu kafa dalar damfara. A watan Disambar 2024, EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Legas, ciki har da ƴan China 148, bisa zargin damfarar kirifto da ta soyayya. Wannan ya nuna cewa masu ɗana tarkon ƙungiyoyi ne masu ofis da ma'aikata.

Giɓin yana wajen isar da saƙo. Gargaɗin da hukumar sadarwa ta NCC da cibiyar ngCERT ke fitarwa yana fitowa ne da Turancin ƙwararru a shafukan intanet, ba ya kaiwa ga majalisar bakin kasuwar Bunkure. Kunya ma tana taimakon ɓarawo: yaron da ya salwantar da kuɗin mahaifinsa ta hanyar wasa ko caca ya fi son ya yi shiru a kan ya je banki, alhali sa'o'in farko su ne lokacin da ake iya tsayar da kuɗi kafin a kwashe su.

Abin da ke hannun matashi, da abin da ke wuyan hukuma

Mafi muhimmancin mataki shi ne raba wasa da dukiya. Layin da ke karɓar saƙon banki ya zauna a ƙaramar waya mai maɓallai, a sa masa lambar kulle layi, wayar wasa kuma ta zama daban. Inda hali bai ba da waya biyu ba, kada a sauke manhaja daga Telegram ko WhatsApp ko ta turawar aboki, sai daga Play Store. Duk wasan da ya nemi izinin karanta saƙonni ko sanarwar waya, a goge shi nan take. Lambar OTP da lambar sirrin asusu da jerin kalmomi 12 ko 24 na lalitar kirifto ba a ba kowa su, ko da ya ce daga kamfanin yake. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Telegram da WhatsApp da Gmail. Idan ɓarna ta auku, a toshe asusun ta lambar gaggawar bankin daga kowace waya, a kai ƙorafi a rubuce, a adana hotunan saƙonni. Idan mako biyu ya wuce babu mafita, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya yana karɓar ƙara.

Sauran aikin na masu mulki ne, kuma matasan da ke bibiyar siyasa suna da hurumin tambaya a kai. Kano tana da gidajen rediyo da manomi ke saurare a gona, tana da ƙungiyoyin masu amfani da ruwan noman rani da ke haɗuwa a kai a kai, tana da limamai da masu unguwanni, tana da makarantu irin su Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu. Fassara gargaɗin tsaron intanet zuwa Hausa da isar da shi ta waɗannan hanyoyi gab da lokacin girbi ba zai ci kuɗin gyaran magudanar ruwa ɗaya ba. An kashe maƙudan kuɗi don ruwa ya isa gona. Ya rage a tabbatar kuɗin amfanin gonar ya kwana a hannun mai shi.