A Sa Wa Cin Bashin Gwamnati Iyaka A Tsarin Mulki

Nijeriya na da dokokin taƙaita cin bashi, sai dai babu mai jin tsoronsu. Sashe na 38 na dokar Babban Banki ta 2007 ya ce rancen da bankin zai ba Gwamnatin Tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Amma a ƙarshen mulkin Buhari rancen ya kai naira tiriliyan 22.7. A Mayun 2023 Majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40. Jaririn da aka raɗa wa suna a wannan watan sai ya fara furfura ana biya.

Shi ya sa nake ganin a tsarin mulki ya kamata a rubuta iyakar. Dokar da Majalisa ta yi, a zama ɗaya takan kwance ta. Tsarin mulki kuwa, bisa sashe na 9, ba ya taɓuwa sai da amincewar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja, da kuma majalisun jihohi 24.

Jamus ta yi haka a 2009, ta ƙayyade giɓin kasafin tarayya a kashi 0.35 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Da gwamnatin Olaf Scholz ta karkatar da izinin rancen yuro biliyan 60 na lokacin korona zuwa asusun sauyin yanayi, kotun tsarin mulki ta soke matakin a Nuwamban 2023. Gwamnati ta bi hukuncin. Abin da nake mana sha'awa ke nan.

Gaskiya ne Jamusawa sun ƙuntata wa kansu, har gadoji da layin dogo suka lalace, sai da suka sassauta a Maris 2025. To, mu bar ƙofar rance a lokacin yaƙi ko annoba, amma da wa'adin biya a rubuce.

Kuma kada mu auna iyakar da girman tattalin arziki, domin da kuɗin shiga ake biyan bashi. Bankin Duniya ya ce a 2022 biyan bashi ya cinye kusan kashi 96 cikin 100 na abin da Gwamnatin Tarayya ta tara. Da me za a biya malamai, a sayo magani? A rubuta kason kuɗin shigar da biyan bashi ba zai haura ba, a kuma ba kowane ɗan ƙasa ikon kai ƙara kotu ranar da aka haura shi.