Wa Ke Biyan Kuɗin Daren Sabuwar Shekara a Zanzibar?

Duk shekara idan Disamba ta raba tsakiya, hunturu ya kankama, sai kamfanonin shirya tafiye-tafiye su dawo da tallarsu ta kullum: ka tsere wa sanyi, ka je bakin teku ka tarbi sabuwar shekara. Da can Turawa ake yi wa wannan kira, mutanen Italiya da Jamus da Ingila waɗanda sanyi ya kulle a ɗaki. Yanzu kiran ya iso Abuja da Kano da Yamai, kuma Zanzibar na cikin sunayen da suka fi yawo a bakin masu hali. Hutun bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne hujjar da ake rakiyar tallar da ita, wai wannan tafiya ba ta cutar da kowa, hasali ma taimako ce: baƙo ya huta, ɗan gari ya samu aiki, gwamnati ta karɓi haraji, kowa ya tashi da riba. An maimaita maganar har ta zama kamar ba ta buƙatar bincike. Ni ban yarda da ita ba, kuma dalilina na farko shi ne ruwan sha.

Otel-otel ɗin da ake rububi a tsibirin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, sun taru ne a arewa da gabas: Nungwi, Kendwa, Kiwengwa, Paje, Jambiani. Nan ne rairayi ya fi fari, kuma nan ne ruwan daɗi ya fi ƙaranci. Ƙasar wurin dutsen murjani ce mai huji-huji, ba ta riƙe ruwan sama a doronta. Duk abin da aka samu na damina yakan zurara ƙasa, ya kwanta a saman ruwan gishirin da ke ƙarƙashin tsibirin, saboda ruwan daɗi ya fi na teku rashin nauyi. Wannan shimfiɗa ta ruwan daɗi ba ta da kauri. Mai guga da igiya ba ya gigita ta, shi ya sa ƙauyukan suka rayu da rijiyoyinsu tun kaka da kakanni. Amma idan aka kafa injin burtsatse yana zuƙa dare da rana, ruwan gishirin da ke ƙasa sai ya taso ya cike gurbin. Rijiyar da ta yi gishiri ta wannan hanya ba ta dawowa da damina ɗaya. Otel yana da kuɗin da zai haƙa wata a nesa, ya ja bututu, ko ya sayi injin tace ruwan teku. Matar da ke bayan katangarsa ba ta da komai sai bokiti da ƙafafunta.

A 2012 wata ƙungiyar Birtaniya mai suna Tourism Concern ta fitar da rahoto kan rabon ruwa tsakanin masu yawon buɗe ido da mazauna wuraren da suke zuwa. A Nungwi da Kiwengwa ta gano cewa baƙo ɗaya yana cinye ruwan da ya ninka na ɗan gari sau 16 a rana, kuma ɗaki guda a manyan otel yana lashe sama da lita 3,000 a wuni. Rahoton ya ambaci otel-otel da suka ɗauki masu gadi don tsare bututun ruwansu daga mutanen ƙauye. A tsaya a kan wannan. Mutum yana zaune a garin kakanninsa, bututu ya ratsa ta ƙofar gidansa cike da ruwa, kuma an ajiye mai gadi don kada ya taɓa. Tun daga lokacin otel-otel ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi. A 2023 baƙin da suka shiga Zanzibar sun haura dubu 600, a wurin da ƙidayar 2022 ta nuna mutanensa ba su cika miliyan biyu ba.

Ba wanka da sha ne ke cinye waɗannan litoci ba. Tafkin ninkaya ne da ake cikawa kullum don rana tana ƙone shi, da koriyar ciyawar da ake shayarwa a kan busasshen dutse, da zannuwan gado da tawul da ake wankewa kowace safiya. Makon sabuwar shekara kuwa shi ne ƙololuwar kakar: babu ɗakin da ke zama fanko, kuma a daidai lokacin ne ruwan ƙaramar damina ke ɗaukewa, zafin Janairu da Fabrairu ke shigowa. Wato ranakun da buƙata ta fi yawa su ne mafarin watannin da rijiya ke shan wahala.

Mu ba baƙi ba ne ga wannan labari. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gida a Kano yana leƙen ɗan garuwa, yana lissafin jarka nawa za ta kai yara makaranta da tsabta, ya san abin da ake nufi idan aka ce ruwa ya yi gishiri a Nungwi. Shi ya sa nake jin nauyin abin idan na ji wasu daga cikinmu suna cewa Zanzibar ta fi dacewa da mu don ƙasar Musulmi ce, abinci halal ne, ana jin kiran salla. Duk gaskiya ne. Amma famfon ɗakin otel bai san addinin wanda ya murɗa shi ba. Idan ruwan da ya cika maka baho daga rijiyar wata uwa ya fito, kasancewarku 'yan'uwa a addini yana ƙara maka nauyi ne, ba ya sauke maka.

Sai kuma gaɓar kanta. Nungwi gari ne na masunta da masu sassaƙa jiragen ruwa na katako, sana'ar da ta haɗa gabashin Afirka da Oman da Indiya shekaru aru-aru. Masunci yana buƙatar wurin da zai ja jirginsa, ya shanya komarsa, da hanyar da zai bi daga gida zuwa ruwa kafin asuba. Idan otel ya jeru da otel, katanga ta haɗu da katanga, hanyoyin nan sukan toshe ɗaya bayan ɗaya, kuma mai gadi yakan koyi rarrabe wanda ya dace da hoton baƙi da wanda bai dace ba. A Paje da Jambiani mata ne ke noman ciyawar teku tun ƙarshen shekarun 1980, suna ɗaure ta a igiyoyi cikin ruwa marar zurfi, kuma ga da yawansu shi ne kuɗin farko da suka taɓa riƙewa da sunansu. Yau wurin nasu ne ya zama filin wasannin ruwa na baƙi, ga kuma ɗumamar teku tana kashe nau'in ciyawar da ya fi tsada. Gwamnatin Shugaba Hussein Ali Mwinyi, ƙarƙashin manufar da take kira tattalin arzikin teku, ta fara ba masu zuba jari hayar ƙananan tsibirai tun 2021. Tsibiran nan ba kufai ba ne. Masunta sun saba yada zango a irinsu.

Za a ce da ni, to aikin yi fa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba zan kauce mata ba. Kanumfari, wanda ya taɓa ɗaukar nauyin Zanzibar, ya daɗe da barin matsayinsa, kuma yawon buɗe ido ne ke kawo mafi yawan kuɗin waje da tsibiran ke samu. Dubban gidaje daga nan suke cin abinci. Amma a bi sawun kuɗin a ga inda yake kwana. Baƙin sabuwar shekara da yawa sun biya komai dunƙule tun a ƙasarsu: jirgi, ɗaki, ci da sha, har da shagalin daren 31 ga Disamba. Kamfanin da ya karɓi kuɗin na waje ne, jirgin na waje ne, otel ɗin sau da yawa na waje ne. Baƙon da ya riga ya biya abincinsa ba shi da dalilin fita ya ci a wurin mai tuyar kifi a cikin gari. Manyan muƙaman otel na baƙi ne, na tsakiya kuma galibi 'yan babban yankin Tanzaniya ne suka riƙe, don sun fi samun karatun harsunan Turawa, kuma iyaye da yawa a tsibirin ba sa son 'ya'yansu su yi aikin raba giya. Har masu gadi da masu tallar sarƙoƙi a rairayi, da yawansu Masai ne da suka tsallako daga can. Ba laifinsu ba ne, su ma nema ya kawo su. Amma ɗan Nungwi da aka ce masa ya yi haƙuri da ƙarancin ruwa saboda aikin yi yana da damar tambaya aikin wa ake nufi. Kifin da ubansa ya kamo ma ya fi ƙarfin aljihunsa idan motar otel ta riga shi zuwa kasuwa.

Akwai kuma mutunci, wanda ba a sa shi a lissafin haraji. A 2021 sai da gwamnatin Zanzibar ta yi gargaɗin cin tarar baƙin da ke yawo cikin gari da kayan wanka, da masu yi musu jagora. Al'ummar da sai ta kafa tara kafin baƙo ya suturta jikinsa a gaban masallacinta, ba za a ce ita ke riƙe da ragamar baƙuntar ba. Daren 31 ga Disamba ma ba bikin ƙauyukan nan ba ne. Suna da 1 ga Muharram, kuma a Makunduchi, kudancin Unguja, suna da Mwaka Kogwa da ake yi a watan Yuli, inda maza ke bugun juna da karan ayaba don a huce gabar shekarar da ta wuce, a ƙone bukka, a ciyar da duk wanda ya zo. Abin da ya iso musu a Disamba shi ne amon lasifika har asuba da tarin kwalabe da robobi a tsibirin da bai gama sanin inda zai kai shararsa ba.

Kada mu ɗauka abin na nesa ne. Legas ta mai da Disamba kakar shagali, kuma gaɓarta tana da nata tarihin. An rushe unguwar Maroko a 1990. Bar Beach, inda talaka ke zuwa shan iska ranar biki, ta shige ƙarƙashin aikin Eko Atlantic. An kori masuntan Otodo Gbame tsakanin 2016 da 2017. A Janairun 2020, makonni kaɗan bayan mutane sun gama shagalin sabuwar shekara a Tarkwa Bay, sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna wurin, hukuma ta ce saboda masu fasa bututun mai. Dalilan sun sha bamban, amma wanda ake tayarwa daga bakin ruwa kullum shi ne wanda ya fi daɗewa a wurin.

Ban ce a rufe Zanzibar ba, kuma ban ce wanda Allah ya hore wa kada ya ga teku ba. Cewa nake a daina kiran wannan ciniki alheri alhali ba a tambayi ɓangare ɗaya ba. Mai tafiya yana iya tambayar inda otel ke samun ruwansa kafin ya biya, ya sauka a masaukin 'yan gari, ya ci abinci a cikin gari, ya zaɓi lokacin da ba kowa ke rububin famfo ba. Amma babban nauyin na gwamnati ne. A Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi biyan dala 44 na inshora kafin su shiga, kuma baƙi ba su daina zuwa ba. Gwamnatin da ta iya karɓar wannan kuɗi daga hannun kowa tana iya sa mita a kan kowace burtsatsen otel, ta ƙayyade abin da za a zuƙa a rana, ta bar hanyar jama'a zuwa ruwa tsakanin kowace katanga da ta kusa da ita, ta kuma hana lasisin sabon tafkin ninkaya a duk ƙauyen da famfonsa ba ya kawo ruwa.