A auna ido kafin a sayi madubi

Mutumin da ya gama makarantar yaƙi da jahilci bayan ya haura shekara 40, sau da yawa yakan tarar baƙaƙe sun fara yi masa hazo. Sai ya nufi Kasuwar Dole, ya yi ta gwada maduban tebur har ya dace da wanda ya yi masa.

Amma araha ba ta ado. Madubin tebur ƙarfinsa ɗaya ne dama da hagu, alhali idanun mutum ba kullum suke daidai ba. Mafi muni, mai tebur ba ya gane hawan jinin ido, ciwon da ke cin gani sannu a hankali ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Saboda haka a fara da sashen ido na Babban Asibitin Damagaram. In likita ya rubuta takardar awo, a zagaya da ita kantuna a taya. A kashe kuɗi wajen gilashi mai kyau, ba wajen ƙarfen ado ba.

Ya kamata kuma hukuma ta riƙa aika ma'aikatan ido Mirya, Magarya da Tanut ranar kasuwa, domin kada nisa ya raba manomi da karatun da ya wahala ya samu.