Motar Lantarki: Lambar da Ke Gaban Direba Alkawari Ce

A gaban direban kowace mota mai aiki da wutar lantarki akwai wata lamba bisa allo, wadda ke faɗa masa kilomita nawa motar za ta ci kafin wutar batir ta ƙare. Da wannan lamba yake yanke shawara, ko ya tsaya ya yi caji a garin da yake, ko ya wuce zuwa na gaba. In lambar ta faɗi gaskiya, ya isa lafiya. In ta yi ƙarya, ya kwana a daji da shi da fasinjojinsa, domin ba a ɗauko kuran cikin jarka kamar yadda ake kawo wa motar isansi lita biyar a bayan babur. Sabo da haka gyaran wannan lissafi ya shafi mai saye da mai tuƙi, ya kuma shafi hukumomin da ke sa ido bisa abin da ake sayar wa jama'a.

Lissafin kansa ba shi da wuya, ɗan makarantar firamare ma ya yi shi. Ana ɗaukar wutar da ta rage cikin batir, a raba ta da abin da mota ke ci a kowane kilomita. Ma'aunin wutar shi ne kilowat-awa, wanda ake lissafin kuɗin kuran na gida da shi. A ɗauka batir yana riƙe da kilowat-awa 60. In motar tana cin 15 a kowane kilomita 100, za ta yi kilomita 400. In tana cin 20, kilomita 300 kawai za ta yi. Mota ɗaya, batir ɗaya, amma bambancin kilomita 100. Wahalar ita ce duka abubuwan nan biyu, watau wutar da ta rage da cin da za a yi a gaba, babu wanda ake aunawa kai tsaye. Ƙiyasta su ake yi.

A fara da batir. Cikin tankin isansi akwai wani ɗan abu mai yawo bisa mai, yana sauka yayin da man ke raguwa, allura kuma tana bin sa. Batir ba shi da irin wannan. Hanya biyu na'urar da ke kula da shi take bi. Ta farko ita ce ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, kamar mai tsaron sito wanda ke rubuta kowane buhu a littafi ba tare da ya buɗe ƙofa ya ƙirga ba. Ɗan kuskuren yau ya hau kan na jiya, bayan makonni littafi ya saɓa da abin da ke cikin sito. Hanya ta biyu ita ce auna ƙarfin wutar, wanda ke raguwa yayin da batir ke ƙarewa. To, amma akwai wani irin batir da ake kira LFP, mai araha da juriya, wanda ya yawaita a motocin ƙasar Sin. Ƙarfin wutarsa kusan ba ya motsi daga lokacin da ya kusa cika har ya kusa ƙarewa, sai na'ura ta kasa gane inda take. Shi ya sa kamfanin Tesla ya shawarci masu motocinsa da ke da irin wannan batir su riƙa cika shi maƙil aƙalla sau ɗaya a mako, domin na'urar ta daidaita littafinta. Injiniyoyi suna haɗa hanyoyin biyu da wata dabarar lissafi wadda masani Rudolf Kalman ya fitar a 1960, aka yi aiki da ita wajen kai kumbon Apollo duniyar wata. Dabarar tana rage kuskure ƙwarai, amma ba ta kashe shi gaba ɗaya.

Har ila yau batir yana tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. A 2012 masu motar Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, inda rana ke da ƙuna, sun koka cewa baturansu sun rage riƙe wuta tun motocin ba su daɗe ba. Batir ɗin motar ba shi da ruwan sanyaya shi. A ƙarshen shekarar kamfanin ya sanar da lamuni na shekara 5 bisa yawan wutar da batir ke riƙewa. Na'urar da ba ta san shekarun batir sun ci shi ba, za ta ci gaba da lissafi da tiyar da ta riga ta loɓa.

Sai kuma ɓangare na biyu, watau cin wuta a hanyar da ba a riga an bi ba. Gudu ne babban maƙiyi. In aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa, ta fuskanci iska mai gudun 30, tana kokawa da iska kamar mai gudun 120, turjiyar kuwa ta ƙaru da fiye da kashi 70 cikin 100. Hawa ma yana da nasa haraji: mota mai nauyin tan 2 da ta hau tudun mita 100 ta ci wajen rabin kilowat-awa, kwatankwacin tafiyar kilomita 3 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ko da yake tana maido da wani abu daga ciki wajen gangara. Ga lodi, ga tayar da ba ta da isasshiyar iska, ga yashi da gargada.

Mai karatu yana iya tambaya: ai motar isansi ma tana fama da waɗannan, don me ba a ji kuka ba? Dalilin shi ne ƙarancin guzuri. Lita ɗaya ta isansi tana ɗauke da ƙarfin wajen kilowat-awa 9, watau batir mai 60 bai kai ƙarfin lita 7 ba. Motar lantarki tana yin nisa da wannan ɗan kaɗan domin injinta ba ya ɓarna, alhali injin isansi yana zubar da wajen kashi biyu cikin uku a zafi. Wanda guzurinsa ya yi daidai wa daida, ko loma ɗaya aka ɗebe sai ya gani. A lokacin sanyi motar isansi tana ɗumama mutane da zafin injinta kyauta, ita kuwa ta lantarki daga batir take biya. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motoci biyar. A sanyin digiri 7 ƙasa da sifiri, da na'urar ɗumama a kunne, nisan tafiyarsu ya ragu da kashi 41 cikin 100. A zafin digiri 35, da na'urar sanyaya a kunne, ya ragu da kashi 17.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan wahala ce ta gaskiya, wadda ba laifin kowa ba. Amma akwai wata mai tushe a kasuwa. Nisan da aka rubuta a takardar talla shi ke sayar da mota, kuma a ɗakin gwaji ake samo shi. A Turai, tun 2017, ana aiki da gwajin WLTP: ana murza motar bisa na'ura a zafin digiri 23, matsakaicin gudu wajen kilomita 46 a awa, ba ɗumamawa, ba sanyayawa. A ƙasar Sin ana aiki da CLTC, mai matsakaicin gudu wajen kilomita 29, sabo da haka lambarsa ta fi girma. A Amurka hukumar EPA takan rage kusan kashi 30 cikin 100 daga sakamakon ɗakin gwaji kafin a buga shi. Mota ɗaya tana iya samun lambobi uku a ƙasashe uku. In na'urar mota tana lissafi da lambar talla maimakon cin da direba ke yi a zahiri, to, allon ya zama ɗan talla shi ma.

Wannan ba zargin banza ba ne. A Janairun 2023 hukumar kula da adalcin ciniki ta Koriya ta Kudu ta ci Tesla tarar won miliyar 2 da miliyan 850, wajen dalar Amurka miliyan 2.2, bisa zuzuta nisan motocinsa ba tare da faɗa wa masu saye cewa a tsananin sanyi yana iya raguwa da kusan rabi ba. A Yulin shekarar kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoto, bisa bayanin wani da ya san aikin, cewa shekarun baya an tsara na'urar motocin kamfanin ta nuna lamba mai daɗi in batir ya cika, sai ya sauka ƙasa da rabi sannan ta koma kusa da gaskiya. A farkon 2024 kamfanin ya rage nisan da yake tallata wa wasu motocinsa a Amurka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa mutane nawa suka tsaya a gefen hanya?

Masu ƙera motoci suna da amsa, kuma ta cancanci a saurare ta. Suna cewa na'ura ba ta san gaibu ba: ba ta san direba zai taka wuta ko zai tafi sannu ba, ba ta san iska za ta juya ba. Gaskiya ne. Amma madugun ayarin Bilma ma bai san abin da gobe za ta kawo ba, duk da haka ba ya lissafin ruwa bisa ranar da ta fi kowace sauƙi. Yana lissafi bisa nisan rijiya ta gaba, da halin raƙumansa, da lokacin shekara, sannan ya bar saura. Wasu kuma suna cewa maganin shi ne a ƙara girman batir. Babban batir yana ƙara nauyi da tsada, kuma lamba maƙaryaciya tana yaudarar mai babban batir kamar yadda take yaudarar mai ƙarami.

Gyaran da ake bukata sananne ne, wasu kamfanoni ma sun fara shi. Na farko, a yi lissafi bisa hanyar da za a bi. In direba ya faɗa wa mota inda za shi, taswira ta san tudu da gangara da irin gudun hanyar, labarin yanayi kuma ya san zafi da iska. Motoci da yawa yanzu suna faɗin kashi nawa na batir zai rage a wurin isa, wannan lamba kuwa ta fi amfani ga matafiyi. Na biyu, a daina nuna lamba ɗaya kamar tabbas ce. Motar Chevrolet Bolt, wadda ta fito a ƙarshen 2016, ta zo da lambobi uku: mafi yawa, matsakaici, da mafi ƙaranci. Wanda ya ga uku ya san ƙiyasi ne, ya kuma san ta ƙasa zai riƙe in hanya ta yi nisa. Na uku, in dole ne a yi kuskure, a yi shi ta gefen kaffa-kaffa. Direban da aka ce masa 280 ya sami 300 bai yi hasarar kome ba. Wanda aka ce masa 320 ya sami 300 ya tsaya saura kilomita 20.

Na huɗu, a bayyana lafiyar batir ga mai mota da mai saye. Tarayyar Turai ta kama wannan hanya. Dokar Euro 7 da ta amince da ita a 2024 ta ce batir ɗin ƙaramar mota ya riƙe aƙalla kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa har shekara 5 ko kilomita 100,000, da kashi 72 har shekara 8 ko kilomita 160,000. Wata dokar ta 2023 kuma ta tanadi takardar shaida ga kowane batir ɗin mota daga Fabrairun 2027. Na biyar, a bar waɗanda ba su da riba a ciniki su yi gwaji. A Norway, inda kusan 9 cikin kowace sabuwar mota 10 da aka sayar a 2024 ta lantarki ce, ƙungiyar masu motoci ta NAF da mujallar Motor suna fitar da motoci hanya sau biyu a shekara, da sanyi da zafi, a tuƙa su har su tsaya cik, a buga sakamako kowa ya gani. Gani ya kori ji.

Motar lantarki ba ta yawaita a Nijar ba tukuna, amma maganar ba ta yi nisa da ƙasar ba. Yawancin motocin da ke shigowa an riga an more su a wasu ƙasashe, waɗanda ke da batir ma ta wannan ƙofa za su biyo, da baturan da suka sha aiki. Za su tarar da watan Afrilu a Yamai, inda zafi ke wuce digiri 40, watau sama da wanda AAA ta yi gwaji da shi. Za su tarar da hanyar Yamai zuwa Damagaram mai kusan kilomita 900, da ta Tawa zuwa Agadas mai wajen 400, da iskar hunturu mai fuskantar duk wanda ya nufi gabas ko arewa. Lambar da aka samo a ɗaki mai digiri 23 ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sabo da haka ya kamata ma'aikacin da aka ɗora wa sayen motocin aiki, da mai duba motocin da ke shigowa, da ɗan kasuwar da ke son gwada sa'arsa, su riƙe tambayoyi uku. Da wane gwaji aka samo nisan da aka rubuta? Kashi nawa na ƙarfin batir ya rage, kuma wace takarda ce ta shaida haka? Batir ɗin yana da abin sanyaya shi? Dillalin da ya kasa amsa su, a gwada motarsa a kwalta da tsakar rana kafin a biya. Hukumar da ke duba sikeli da litar mai a kasuwa tana da hurumin duba wannan ma'auni shi ma, domin motar da ta ce 300 ta cika 300 ta fi wadda ta ce 450 ta tsaya a 320. Alkawari kaya ne, wanda ya rubuta lambar shi ya kamata ya ɗauke shi.