Ku Daina Warkar Da Mai Sikila Da Ledar Jini

A wannan makon da fushi na zo. Na sake karanta wani labari inda jaruma mai sikila ta kwanta asibiti, aka yi mata "canjin jini", ta tashi garau, ciwo ya tafi har abada, sai biki. Haba jama'a! Wace ƙasa ce wannan?

Jini ba ruwan randa ba ne da za a zubar a sake ɗebo wani. A cikin ɓargo ake ƙera shi. Can akwai ƙwayoyin halitta da zan kira iyaye, masu iya haifar irinsu tsawon rayuwar mutum. Su ke haifar wasu na tsakiya, waɗanda masana ke kira furojenita. Waɗannan sun riga sun kama hanya: wata za ta zama jan jini, wata farin jini, kuma rabuwarsu tana da iyaka, in sun ƙare sun ƙare. Till da McCulloch ne suka fara gano wannan tsari a jikin ɓeraye a Toronto, tun 1961.

To mai sikila, tun daga iyayen ne gadon yake. Jan jinin mai lafiya yana kwana kusan 120, nasa bai wuce 10 zuwa 20 ba. In aka ƙara masa jini zai samu sauƙi, ba musu, amma jinin aro ne. Zai tsufa ya mutu, ɓargo kuma na nan yana ƙera irin na jiya. Warkewa sai sababbin iyaye sun zauna a ɓargo, kamar idan an dasa ɓargon wani. Furojenita kaɗai ba za su riƙe shi ba. A Nijeriya an fara wannan dashe ga mai sikila a Benin a 2011, kuma yana da tsada da haɗari, ga wahalar samun ɗan uwan da ɓargonsa ya dace.

Wani zai ce ai labari ne. To wa ke karanta mu? Uwa a Mabera ko Runjin Sambo da ke kwana zaune da yaro yana kukan ƙashi. Ta karanta naki, malama, ta je gaban likita tana roƙon a yi wa ɗanta abin da babu shi. Wata kuma ta ɗauki auren AS da AS abin wasa, tunda "ana warkewa".

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan cikin Sakkwato, da sashen cututtukan jini. Kuɗin keke-napep ne tsakaninku da shi. Ku je ku tambaya kafin ku rubuta babin asibiti.